Ka reni yaro, wani ya ɗauke shi kyauta: inda dokar albashi ta NRL ta yi tuntuɓe

Duk wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai ya san yadda ake ciniki, mai kuɗi ya buɗe jaka ya kwashe wanda yake so, talakan kulob kuma ya zauna yana kallo. To a gasar zari-ruga ta Ostireliya, NRL, wadda ake yi da mutum 13 kowane ɓangare, ba haka abin yake ba. Ƙungiyoyi 17 ne, 16 a Ostireliya ɗaya a New Zealand, kuma kowacce an ja mata layi ɗaya an ce kada jimillar albashin 'yan wasanki ya wuce nan. A 2023 layin ya kai kusan dala miliyan 12 na Ostireliya, shi za ki raba wa manyan 'yan wasanki 30 da 'yan yaran da ke tasowa, kuma mafi ƙarancin albashi a cikin talatin ɗin nan a lokacin dala 120,000 ne a shekara. Ko mai kulob ɗin rijiyar mai gare shi a bayan gida, ba ruwan kowa, layin dai shi ne layin.

Ni ina tare da wannan doka, in faɗa tun yanzu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda take yi wa ƙungiyar da ta sha wahalar renon yara daidai da yadda take yi wa wadda ta zo da biro kawai ta sa hannu.

Dokar ta samo asali tun 1990, amma mutane ba su san darajarta sosai ba sai da aka yi yaƙin Super League tsakanin 1995 da 1997, lokacin da kamfanin Rupert Murdoch da tsohuwar hukumar wasan suka yi ta rige-rigen sayen 'yan wasa saboda haƙƙin nuna wasa a talabijin, albashi ya yi tashin gwauron zabo, gasa ta rabu biyu, da aka zo sulhu aka kafa NRL a 1998 wasu kulob sun mutu wasu dole aka haɗe su. Wanda ya ga wannan ba zai so a saki linzami ba.

Kuma hukumar ba ta wasa da mai ha'inci, wannan kam a yaba musu. Ranar 22 ga Afrilu 2010 shugaban NRL na lokacin, David Gallop, ya fito ya sanar da cewa Melbourne Storm littafin lissafi biyu take ajiyewa, ɗaya na nuna wa mai bincike ɗaya na gaskiya. Layin shekarar dala miliyan 4.1 ne. Da farko an ce sun ɗara da miliyan 1.7 cikin shekara biyar, da aka tona sosai sai ga shi ya haura miliyan 3.7, ana biyan wasu ta bayan fage, wani a yi masa gyaran gida wani a ba shi jirgin ruwan shaƙatawa. Hukunci kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba: aka ƙwace kofin 2007 da na 2009, aka ci su tarar dala 500,000, aka ce su maido da miliyan 1.1 na kyaututtukan da suka karɓa, sannan abin da ya fi ciwo, aka ce su ci gaba da buga sauran wasannin kakar 2010 amma ko sun ci ba maki. Ka yi tunani, ƙato ya shiga fili a daddake shi minti 80, ya ci wasa, ya fito teburi bai motsa ba. Kofunan nan biyu ma ba a ba Manly da Parramatta da suka sha kashi a fainal ɗin ba, an bar gurbin haka nan babu suna. Binciken bai kama koci Craig Bellamy ko 'yan wasan da laifi ba, manyan ofis ne suka kitsa, amma dai dole aka rage kaya, Greg Inglis ya koma South Sydney.

Kafin su Canterbury Bulldogs an zabge mata maki 37 a 2002 tana kan teburi ta faɗo ƙasa warwas, bayansu Parramatta ta rasa maki 12 da dala miliyan 1 a 2016. Masu kallon Firimiya da suka yi ta kururuwa kan 'yan makin da aka cire wa Everton da Nottingham Forest, ku zo ku ga inda ake yanka da gaske.

To yanzu ga inda nake da magana. Ku dubi Penrith Panthers. Ƙungiya ce ta can yammacin Sydney, unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, irin su Mount Druitt da St Marys, ta zuba kuɗi ta gina makarantar horar da yara, ta ɗauko su tun suna 'yan 14, 15, ta ba su koci da likita da wajen motsa jiki, ta yi haƙuri da su har suka girma tare. Sakamakon kowa ya gani, kofi huɗu a jere, 2021, 2022, 2023, 2024, ƙarƙashin koci Ivan Cleary da ɗansa Nathan a tsakiyar fili. Ba wanda ya kama su da littafi biyu. Amma fa duk shekarar da suka ɗaga kofi farashin yaransu sai ya hau, layin albashi kuma ba ya hawa da irin wannan gudun, sai a wayi gari dole a saki wani. Matt Burton ya tafi Bulldogs, Stephen Crichton ya bi shi har ya zama kyaftin a can, Spencer Leniu ya koma Sydney Roosters, Jarome Luai da suka taso da Nathan tun suna yara ya tafi Wests Tigers kan kwantiragin shekara biyar da jaridu suka ce ya kai miliyan 6. Nawa Penrith ta samu a kan waɗannan? Ko sisi. A NRL in kwantiraginka ya ƙare tafiya kake kyauta, ba a saba biyan kuɗin saye ba, kuma tun daga 1 ga Nuwamba kafin shekararka ta ƙarshe ejan ɗinka yana da damar zama da kowace ƙungiya, shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya shafe kaka guda cur yana sanye da rigar kulob ɗin da kowa ya san ya riga ya yi masa sallama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙwallon ƙafa ma da muke zagi kullum, FIFA ta tanadi kuɗin reno da ake biyan kulob ɗin da ya horar da yaro in ya tsallaka wata ƙasa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za a ce ai aikin dokar kenan, ta tarwatsa gwanaye kada su taru waje guda. Bulldogs da ta yi shekaru tana jan ƙafa ta koma zagayen ƙarshe na neman kofi a 2024, karon farko tun 2016, da tsoffin yaran Penrith a gaba. Tigers da ta zo ta ƙarshe sau uku a jere ta samu wanda za ta gina tim a kansa. Ita kanta Penrith a 2025 ta taɓa zama a ƙasan teburi a tsakiyar kaka, ta farfaɗo, Brisbane Broncos ta tare ta a wasan kusa da ƙarshe, ita Broncos ɗin ta je ta ɗauki kofin. Gasa ta yi armashi, gaskiya ne. Sannan Penrith ba abar tausayi ba ce, kulob ɗinta na shaƙatawa da injinan caca yana kawo mata kuɗi masu kauri, wannan kuma wata magana ce ta daban.

Amma a tambayi kai, me doka take koya wa shugaban kulob mai wayo? Tana koya masa cewa kashe kuɗi shekara shida kan yaro ɗan 15 asara ce, gara ya jira maƙwabci ya gama wahala ya je da tayi. Ba a yin rabon sabbin 'yan wasa bi da bi kamar a Amurka, an gwada a 1991 'yan wasa suka kai ƙara kotu ta rushe shi, kenan hanyar samun sabon jini ɗaya ce, wani ya rena. Idan kowa ya zama mai jira, wa zai yi renon?

Kuma daidaiton nan da ake tutiya da shi ma ba cikakke ba ne. Akwai kuɗin talla da ɗan wasa ke samu daga kamfanin da ba shi da alaƙa da kulob, wannan ba ya shiga lissafi, kuma kowa ya san wanda ke buga wa Broncos a Brisbane ko Roosters a unguwannin attajiran Sydney ya fi na Canberra ko Townsville samun irin wannan. Shi ya sa magoya baya ke yi wa Roosters tsiya cewa nata layin roba ne, miƙewa yake, duk da ba a kama su da irin laifin Storm ba. Ga kuma ƙungiyar Papua New Guinea da za ta shigo a 2028 da tallafin dala miliyan 600 na gwamnatin Ostireliya cikin shekara goma, an ce albashin 'yan wasanta ba haraji. Miliyan ɗaya a Port Moresby, babban birnin Papua New Guinea, ba miliyan ɗaya ba ce a Sydney inda haraji ke cin kusan rabi. Wato hukumar da kanta ta yarda ana iya lanƙwasa doka in akwai dalili.

To ga dalili. Yanzu ma akwai ɗan rangwame ga tsoffin 'yan kulob da waɗanda aka rena a gida, amma bai taka kara ya karya ba, ba zai riƙe maka ko gwani ɗaya ba. A faɗaɗa shi, yaron da ka rena tun kafin ya kai 18 a yafe maka wani kaso mai tsoka na albashinsa daga lissafi, amma a taƙaita ga mutum biyu ko uku don kada mai manyan unguwanni irin Penrith ko Brisbane ya cinye gasar. In kuma duk da haka ya tafi, ƙungiyar da ta ɗauke shi ta biya kuɗin reno, a ɗaure kuɗin a kan horar da yara kaɗai. NRL tana ba kowane kulob tallafin shekara da ya zarce albashin 'yan wasansa gaba ɗaya, don haka Perth Bears da za ta fara a 2027 da duk wani mai shirin zuwa kasuwa ba zai ce ba shi da abin biya ba.