Karkatattun ƙafafu huɗu ba sa mayar da MDF kayan tsakiyar ƙarni

Wannan bidiyon falon da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, wanda aka ce wai an ƙawata shi da salon kayan ɗaki na tsakiyar ƙarni na ashirin, ya ishe ni haka. Ga abin da ke cikinsa: kabad na MDF, wato allon garin katako, an fesa masa fenti mai ƙyalli, an manna masa zaren gwal a baki, an ɗaura masa ƙafafu huɗu a karkace, a sama kuma silin POP mai hawa uku da shuɗiyar fitila tana kewaye shi. Ga mutane can a ƙasan bidiyon suna ta tambayar farashi. Takaicina shi ne da wannan sunan za a karɓi kuɗin iyayen amare a kan kayan da ba za su ga damina biyu ba.

Jama'a, wannan salo aikin katako ne. Wanda bai san katako ba bai san shi ba, ko ƙafa nawa ya karkata.

Ya taso ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga wajen 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960, musamman a Amurka da Danmak, lokacin da mutane ke shiga ƙananan gidaje suna neman kaya marasa nauyi waɗanda ba za su cinye ɗaki ba. Masu zanen wancan lokaci sun cire sassaƙa da kwalliya, suka bar katakon da haɗinsa a fili. Ku duba kujerar Hans Wegner, mai zanen kayan ɗaki ɗan Danmak, da kamfanin Carl Hansen yake ƙerawa tun 1950: babu kwalliya mai ɓoye aibi, mazauninta saƙa ce ta hannu da igiyar takarda kusan mita 120. Idan babu kwalliya, kafinta ba shi da wurin ɓoye kuskure. Shi kuwa kabad ɗin bidiyon nan, duk abin da ke jikinsa an sa shi ne don ya rufe abin da ke ciki.

Mu zo kan ƙafafun, tunda su aka riƙe hujja. Miƙaƙƙiyar ƙafa tana sauke nauyi kai tsaye zuwa ƙasa. Wadda aka karkata kuwa kullum tana neman ta buɗe waje, tana fizgar wurin da aka ɗaure ta. MDF garin katako ne da aka matse da gam, ba shi da jijiyar da za ta riƙe sukuru. Ka ɗora talabijin da kwanuka, yara su ja kabad ɗin sau biyu a kan tayil, ramin sukurun ya buɗe, ƙafa ta fara rawa. Ranar da ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa ya kumbura, shi ke nan, ba ya komawa. Yadda ake yi shi ne a haɗa wa kabad firam na katako mai tauri a ƙasa, kaurinsa bai gaza santimita 2.5 ba, a fafe rami a ƙafa, a fitar da harshe a jikin firam, a haɗa su da gam a matse. Ƙafar ta fara da kaurin santimita 4 zuwa 5 a sama, ta sirance zuwa 2 ko 2.5 a ƙasa, karkatarta kada ta wuce digiri 10 zuwa 15. Tsayinta santimita 15 zuwa 20, yadda ido zai ga ƙasan ɗaki ta ƙarƙashi, tsintsiya ma ta shiga.

Na ga masu cewa ai su ma Turawan da filawud suka yi aiki. Haka ne, kujerar Charles da Ray Eames ta 1956 filawud ce da aka lanƙwasa. To amma filawud siraran yankan katako ne da aka jera jijiyar wannan ta gitta ta wancan, shi ya sa yake riƙe sukuru, yake jure nauyi. Kama da wane ba wane ba ne. Mai son rage kuɗi ya yi jikin kabad da filawud mai kaurin milimita 18, a lulluɓe shi da siririyar fatar katako, a rufe bakinsa da katako na gaske. Wannan hanya ce da su kansu masu salon suka bi. Masu cewa kowa da son ransa kuma, babu wanda ya hana kowa son gwal da ƙyalli. Sunan ne ba naku ba, ku sauke shi.

Kuma kada wani ya ce mana ba mu da katakon. Kamfanonin Ingila na wancan zamani daga dazukan Afirka ta Yamma suke ɗibar katakon afromosiya suna haɗawa da katakon tik. Yau ga maɗaci, ga iroko, ga tik da ake nomawa a kudancin Najeriya. Maɗaci yana ba da jan launi mai duhu, iroko yana jure gara. Abin da ke kashe aikin a Arewa ɗanyen katako ne. Ana kawo shi daga Kudu da laima a jikinsa, a yanka shi a makon, a haɗa tebur. Hunturu na shigowa iska ta tsotse shi, saman tebur ya tsage, ƙofar kabad ta bauɗe. Dole a jera allunan a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, a bar su watanni, in da hali su ga hunturu guda kafin a sa musu zarto. Bayan haka ma katako bai daina motsi ba, yana buɗewa da damina yana tsukewa da rani, don haka ramukan sukurun da ke riƙe saman tebur a yi su dogaye, su ba shi wurin motsawa. Duk kafintan da ya manne saman tebur da gam ta ko'ina ya riga ya tsaga shi, lokaci kawai ake jira.

Sai gamawa, inda ake ɓata ko da katako mai kyau. Banish mai kauri da ake kwarara wa kaya har su koma kamar roba ba ya cikin wannan salo. A goge da sanfefa mai lamba 120, sannan 180, sannan 240, kullum ana bin tsawon jijiya. A shafa man katako da tsumma, a jira minti 15 zuwa 20, a goge duk wanda bai shige ba, domin in aka bar shi zai yi danƙo ya kama ƙura. A sake washegari, har sau uku. Tsumman da ya sha man nan kada a dunƙule shi a jefa kwana, yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a jiƙa shi a ruwa. Wanda kuma ya gaji tsohon kabad, don Allah kada ya sa masa injin sanfefa, fatar da ke samansa sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba.

Da gaske nake, ina tausaya wa uwar da ta yi shekaru tana adashi don kayan ɗakin 'yarta. Hajiya, ki rage yawan kayan, ki sa kuɗin a katako. Kujera mai cin mutum uku guda, masu cin mutum ɗaya guda biyu, teburin tsakiya, dogon kabad mai tsayin santimita 75 zuwa 80, sun ishi falo. Mazaunin kujera ya tsaya a santimita 40 zuwa 45 daga ƙasa, tebur ya yi daidai da shi ko ya ɗan gaza, a bar santimita 45 tsakaninsu, hanyar wucewa kuma 80 zuwa 90. Bango fari ko ruwan madara, launi mai ƙarfi ɗaya ko biyu kacal a yadin kujera ko filo, kamar ruwan ɗorawa ko kore mai duhu. Ƙwan fitila mai haske ruwan zuma, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa, shi ke fito da launin katako. Farin ƙwai mai kashe ido yana mayar da maɗaci kamar toka. Ki shiga shago, ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin kabad, ki ga a jikin me aka ɗaure ƙafar kafin ki biya.

Wani abin da na lura da shi a bidiyon ma, a bakin ƙofa ana hango tsohon daɓen tarazo, na siminti da tsakuwar marmara, da aka rufe da tayil mai santsi. Irin daɓen nan da ke tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu a Kaduna da Zariya da Kano, na zamanin salon ne, kuma ana ta farfasa shi kamar shara. Gyaransa bai wuce a kira masu injin gurza su bi shi da dutse mai kaushi sannan mai laushi, a cike tsagar da siminti mai launinsa, a shafa masa kakin daɓe ba. Sai dai a kiyaye wanke shi da ruwan asid irin na banɗaki, domin tsakuwar marmara ce a ciki, asid yana cinye ta ya bar ramuka.