Ku ƙyale David Gilmour ya rera tsufansa

Masu cewa wai faifan David Gilmour, makaɗin jita kuma mawaƙin ƙungiyar Pink Floyd, na 2024 mai suna Luck and Strange, ya yi sanyi da yawa babu zafin Pink Floyd a ciki, ni fa ban gane me kuke nema ba. Bawan Allahn nan 1946 aka haife shi a Cambridge can Ingila, yana da shekara 78 ya saki faifan, kuma so kuke ya dawo yana muku ihu irin na samari? Haba jama'a.

Maganar tsufa da mutuwa ce tun daga farko har ƙarshe. Matarsa Polly Samson ce ta rubuta yawancin baitocin, kuma kana ji ka san wadda ta zauna da mutum ne har ya yi furfura tana tunanin kwana nawa ya rage musu tare. Amma wallahi abin da ya fi taɓa min zuciya waƙar da faifan ya ci sunanta ce, don fiyano da ogan ɗin da ke ciki hannun Richard Wright ne, abokinsa na Pink Floyd da ciwon daji ya yi ajalinsa a 2008, a 2007 suka haɗu a gidan Gilmour suna ta kiɗa haka nan kawai aka naɗa, shi ne ya adana shekara da shekaru sannan ya zo ya ɗora sabuwar waƙa a kai. Wright ya danna, shi kuma ya amsa masa da jita, alhali mutumin ya daɗe a ƙasa. Wannan ne za ku ce min sanyi?

Sai Between Two Points, tsohuwar waƙar ƙungiyar mawaƙa ta Montgolfier Brothers ce ta 1999 da aka sake rerawa a faifan. Nan ya bar wa 'yarsa Romany makirfo gaba ɗaya ya ja gefe, sai can wajen ƙarshe jitarsa ta shigo, ya lanƙwasa wayar jita ɗaya ya riƙe ta tana kuka, ba gaggawa ba neman burgewa.

Ya kyauta da ya ɗauko Charlie Andrew ya haɗa masa faifan, yaro ne a kansa amma bai ji nauyin ce masa wannan wurin bai yi ba.

Inda kawai ban bi shi ba, cewar da ya yi wai tun faifan Pink Floyd mai suna Dark Side of the Moon na 1973 bai yi aikin da ya kai wannan ba. A'a dattijo, faifanku Wish You Were Here na 1975 fa yana nan, kuma wannan sabon bai kamo ƙafarsa ba duk da ya hau na ɗaya a Birtaniya.