Ƙashin bawa ba allon tallar cin ganye ba ne

Masu yi wa jama'a wa'azin ƙaurace wa nama sun sake tono mayaƙan dandalin Rumawa, wato waɗanda ake sa su faɗa da makamai a gaban 'yan kallo a zamanin daular Rum, suna cewa ai ƙarfin waɗannan ƙarti daga hatsi da wake ya fito, don haka duk mai neman ƙarfi ya bar nama. Hujjarsu ita ce binciken da masana daga Jami'ar Likitanci ta Biyana a ƙasar Ostiriya da Jami'ar birnin Bern a ƙasar Suwizalan suka wallafa a 2014, bayan sun gwada ƙasusuwan mutum 53 daga maƙabartun Afisa da ke Turkiyya ta yau, 22 daga cikinsu mayaƙa.

Gaskiya ne cewa awon sinadaran kabon da naitirojin ya nuna alkama da sha'ir da wake sun fi yawa a cimarsu. Abin da masu tallar ke tsallakewa shi ne cimar mayaƙan ba ta bambanta sosai da ta sauran mutanen garin ba. Inda suka fita daban shi ne yawan sinadarin sitironshiyom, wanda masanan suka danganta da ruwan tokar tsirrai da ake ba su su sha. Ban ji mai tallar da ya ce mu koma shan toka ba.

Yawancin mayaƙan nan bayi ne ko fursunoni, ubangidansu ne ke yanke abin da za a zuba musu a akushi, kuma sha'ir ya fi nama araha. Har laƙabin "maciya sha'ir" aka yi musu. Ƙashi yana tara alamar abin da mutum ya ci tsawon shekaru, amma ba ya faɗin ko da son ransa ya ci. A wajen birnin Rum ma, binciken 2013 ya gano alamar gero ta fi yawa a ƙasusuwan talakawan karkara, a zamanin da masu hali suka fi son alkama.

Masu cewa dai sakamakon kimiyya ne, kuma kimiyya ba ta ƙarya, sun manta cewa gawa 22 daga gari guda ba su isa su yi magana da yawun daular da ta miƙe daga Birtaniya zuwa Masar ba. Ya kamata editocin da ke ɗauko irin wannan labari su riƙa rubuta yawan ƙasusuwan da aka gwada, da matsayin masu su, tun a sakin layi na farko.