Ronda Rousey ba daga sama ta faɗo ba

Da yawa na ɗauka ƙarfi da zafin zuciya kaɗai suka kai 'yar wasan faɗan Amurka Ronda Rousey kejin UFC, wato babbar gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa a cikin keji. Wannan rage mata daraja ne, kuma yana damuna. Tun tana 'yar shekara 11 take koyon judo, wani salon kokawa na Japan, a hannun mahaifiyarta, AnnMaria De Mars, wadda ta lashe gasar judo ta duniya a 1984. A 2008 Ronda ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Beijin. Don haka ranar da ta danne Liz Carmouche ta lanƙwasa mata hannu a zagayen farko, a Fabrairun 2013, karon mata na farko a tarihin UFC, kusan shekara 15 ta yi tana goge wannan kamun.