Ɗakin da Kake Tsammani Babu Kowa

'Yan'uwana a cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Akwai wata aya a labarin Yusufu da na daɗe ina wucewa ta kanta ba tare da na tsaya ba. Farawa 39, aya 11: wata rana ya shiga gida don ya yi aikinsa, kuma babu ko ɗaya daga mutanen gidan a ciki. Marubucin ya ga ya dace ya gaya mana cewa gidan fayau yake. Duk wanda ya taɓa kokawa da jaraba ya san irin wannan sa'a. Ƙofa a rufe, kowa ya fita, waya tana hannu, ko kuɗin da aka ba ka amana suna aljihunka kuma babu mai ƙirgawa sai ƙarshen wata.

Ku duba halin da yaron nan yake ciki. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Ga shi bawa a Masar, nesa da mahaifinsa, babu majami'a, babu mai yi masa wa'azi, ko Dokoki Goma ba a bayar ba tukuna. Matar maigidansa Fotifar kuwa ba sau ɗaya ta neme shi ba, kullum ne. Da ya buɗe baki, sai ya fara da amanar da maigidansa ya ba shi, ya ƙare da tambayar da ta fi komai nauyi: yaya zan yi wannan babbar mugunta in yi wa Allah zunubi? Matar ta ƙirga mutanen da ke gidan ta samu biyu. Yusufu ya ƙirga ya samu uku.

Sau huɗu surar nan ta ce Ubangiji yana tare da Yusufu, a ayoyi 2, 3, 21 da 23. Biyun ƙarshe kuwa a kurkuku aka faɗe su, domin gudun da ya yi ya bar rigarsa a hannunta bai kai shi ga lambar yabo ba. Sharri aka yi masa, aka ɗaure shi. Ina faɗar wannan saboda akwai wa'azin da ke nuna kamar in ka ƙi zunubi yau, gobe za a ƙara maka girma. Yusufu sai da ya kai shekara 30 kafin ya tsaya gaban Fir'auna.

Yanzu ku buɗe 2 Sama'ila 11 ku karanta da fensir a hannu, ku nemi sunan Ubangiji. Dawuda ya hango Batsheba daga saman bene, ya aika a bincika, ya aika a kawo ta, ya kira mijinta Uriya daga fagen yaƙi, ya bugar da shi, ya rubuta wasiƙar mutuwarsa ya danƙa masa a hannu. Ayoyi 26 cif, sunan Ubangiji bai fito ba. Sai a aya ta 27, layin ƙarshe, aka ce abin da Dawuda ya yi ya ɓata wa Ubangiji rai. Mutumin da ya saba raira wa Allah waƙa ne fa. Bai bar bangaskiya ba, bai ce babu Allah ba. Mantawa ya yi da gangan, har sai da annabi Natan ya zo ya ce masa, kai ne mutumin.

Ni ma na san wannan mantuwar. Akwai lokacin da wata hira ta waya ta fara tsakanina da wadda bai kamata in saki jiki da ita haka ba. Babu wata kalmar batsa a ciki, gaisuwa ce da 'yar raha, abin da zan iya kare kaina a kai in an tambaye ni. Amma na lura da abubuwa biyu. Na fara kifa wayar in na ajiye ta a tebur. Sa'an nan addu'ar dare ta yi mini nauyi. Sai in kwanta in ce na gaji, zan yi da safe. Gaskiyar ita ce ba na son in tsaya gaban Wanda ya karanta saƙonnin nan tun kafin in share su. Tun daga lokacin na ɗauki nauyin addu'a a matsayin ƙararrawa. In na ji ina kauce wa durƙusawa, sai in tambayi kaina me nake ɓoyewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar tawa daga nan take farawa.

Yakubu 1:14-15 ya kwatanta abin da ɗaukar ciki: sha'awa ta ja mutum, ta yi ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Ciki ba ya zuwa haihuwa a dare ɗaya. Akwai watanni da ake reno a ɓoye.

To amma kada wani ya ɗauka ina cewa mu riƙa ganin Allah kamar ɗan sandan da ya laɓe yana jiran mu yi kuskure. Mai irin wannan tunani ba ya daɗewa, ko dai ya gaji ya watsar, ko ya ƙware a munafunci. Wadda ta kira Allah da suna "Mai ganina" a Farawa 16:13 ita ce Hajara, baiwa mai juna biyu da ta gudu jeji saboda wulaƙanci. Idon nan ta'aziyya ya zame mata. Ibraniyawa 4:15 ya ce Babban Firist namu, wato Yesu, an jarabce shi ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Wanda yake ɗakin tare da kai ya yi kwana 40 a jeji da yunwa, ya ji muryar Iblis da kunnensa. Ya san yadda abin yake ja. Shi ya sa 1 Korintiyawa 10:13 ya yi alkawarin hanyar fita. Sau da yawa hanyar ba ta da wani kwarjini: ka tashi ka buɗe ƙofa, ka ajiye wayar a wani ɗaki, ka kira ɗan'uwan da ba ya jin kunyar yi maka tambaya. Yusufu ƙafafunsa ya yi amfani da su.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Amsoshi ukun da Yesu ya ba Iblis duk daga Maimaitawar Shari'a suke, sura 6 da ta 8, kuma ba a jejin ya haddace su ba. A ƙarni na 17 akwai wani ɗan zuhudu a birnin Faris da ake kira Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691. Aikinsa a kicin ne shekara da shekaru, kuma abin da aka san shi da shi kawai shi ne yana hira da Allah yana wanke tukwane. Zabura 16:8 ke nan a aikace: na sa Ubangiji a gabana kullum. Wanda ya saba cewa "Ubangiji, kana nan" a kan hanya da wurin aiki, bakinsa ba zai yi nauyi ba in dare ya tsala.

Kai kuma da kake karanta wannan bayan ka riga ka faɗi, ina da labari ɗaya a gare ka. A Getsamani Yesu ya ce wa Bitrus da 'yan'uwansa su yi tsaro su yi addu'a kada su faɗa cikin jaraba. Suka yi barci. Bayan 'yan sa'o'i Bitrus yana jin ɗumi a farfajiyar babban firist, ya yi musun sanin Ubangijinsa har sau uku. Luka 22:60-61 ya ce zakara na yin cara, Ubangiji ya juyo ya dubi Bitrus. Ashe duk lokacin nan yana kusa. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Bayan tashi daga matattu, a bakin Tekun Tibariya, gefen wata wutar gawayi kuma, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya ce masa, ka yi kiwon tumakina.