Cibiyar cutar daji ta Katsina: a zauna da Nijar tun yanzu

A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kafin nan, duk wanda likita ya rubuta wa gashi, wato ƙona ciwon dajin da hasken na'ura, sai ya nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ya kuma yi addu'ar kada ya tarar na'ura ta lalace. Sauƙi ya samu, alhamdu lillahi. Sai dai a ganina, idan aka tafiyar da cibiyar nan kamar marasa lafiya sun ƙare a Jibiya da ke bakin iyaka da Nijar, an tauye amfaninta.

Nijar ba ta samu na'urar gashi ba sai 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kuma a Yamai aka girke ta. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Zuwa Katsina bai kai 100 ba. Matar da sankarar mama ta kama a Maraɗi, ko a Magarya da ke maƙwabtaka da Daura, nan za ta zo, domin nan danginta suke. Za ta zo da takardun asibiti da aka rubuta da Faransanci, likitanmu ya kasa karantawa, a sake gwaje-gwajen da ta riga ta sayar da awakinta ta biya. Makonnin da ke salwanta a haka su ne ciwon ke ci gaba da yaɗuwa a cikinsu.

Wannan aikin hukumomi ne, bai kamata a bar wa iyalai ba. NICRAT, hukumar binciken cutar daji ta Najeriya, da takwararta ta Yamai su rattaba hannu kan yarjejeniya: takardar tura mara lafiya iri ɗaya cikin harsuna biyu, da wurin da za a karkata jama'a ranar da na'urar ɗayansu ta tsaya. Su kuma riƙa musayar alƙaluma, don yanzu wanda aka gano ciwonsa a Maraɗi ya rasu a Katsina yana iya ɓacewa daga rajistar ƙasashen biyu. Ko magani ma, wanda ya saya da yawa ya fi samun rangwame.

Wasu za su ce namu ma ba su wadatu ba, tunda Najeriya na samun sabbin masu cutar fiye da 120,000 duk shekara. Gaskiya ne. Amma mutanen Maraɗi za su zo ko da yarjejeniya ko babu. Yarjejeniyar ce za ta fayyace adadinsu da wanda zai biya kuɗinsu.

Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara wa lamarin gaggawa. Mun ga yadda rufe iyaka a 2023 ya wahalar da jama'a, kuma mai karɓar gashi kullum na tsawon makonni, idan aka katse masa, aikin na iya lalacewa. Gwamnatin Katsina da mahukuntan Maraɗi su nema wa irin waɗannan marasa lafiya takardar wucewa ta musamman, wadda za a mutunta a Jibiya da Kwangwalam ko da an sake rufe iyaka.