Buhu nawa aka samu a hekta? Wannan tambayar ba ta isa ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ana son sanin ƙwazon ƙaramin manomi, sai a raba buhunan da ya girbe da girman gonarsa, shi ke nan. Wannan lissafi yana nuna abin da ƙasa ta bayar ne kawai. Bai ƙirga kwanakin da matar gida da yara suka yi suna noma ba tare da lada ba, bai ƙirga taki da iri da hayar shanun huɗa ba. Manomin da ya samu buhu goma da guminsa da na iyalinsa duka yana iya zama baya da wanda ya samu takwas da rabin wahalar.

A shekarar 1962 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya lura cewa ƙananan gonaki a Indiya suna ba da amfani fiye da manya a kowace eka. Daga baya binciken Bankin Duniya a Habasha da Yuganda ya nuna cewa wani ɓangare na wannan bambanci kuskuren awo ne: masu ƙananan filaye sukan faɗi girbi fiye da na gaskiya. Da aka yanke amfanin wani yanki na gonar aka auna shi a sikeli, sai bambancin ya ragu ƙwarai.

Ga kuma matsalar da ta fi damuna. A ƙasar Hausa gero da dawa da wake suna gona ɗaya. Mai awon da ya ƙirga gero kaɗai ya bar wake da harawa da kara, ya zalunci manomin a takarda.